Auta, kan maganar firgitar nan taki

Assalamu alaikum Auta, ya gida ya maigidan naki, da fatan kun tashi lafiya. Tun da muka ajiye waya jiya nake juya maganarki a raina har asuba, shi ya sa na ce bari in zauna in rubuto miki, don a waya kina kuka ina rarrashi ba abin da muka tsayar.

Kin ce kina tsaye a kicin kina juye ruwan zafi a filas, ya shigo ba ki ji takunsa ba ya dafa kafaɗarki, kika ƙwalla ƙara kika saki filas ɗin ya tarwatse, Allah ya tsare ruwan bai zubo miki a ƙafa ba, shi kuma ya fice ransa a ɓace yana cewa shi dodo ne da za a riƙa zabura in ya taɓa matarsa. Ga Hajiyarsu kuma ta ce shafar aljanu ce a kai ki ruƙiyya. To ki saurare ni da kyau kinji, ba laifinki bane kuma ba raki bane, kuma ni na san abin nan a jikina.

Kin tuna Juma'ar nan ta 20 ga Janairun 2012 da aka kai hare-hare a Kano? Kina ƙarama lokacin, bayan la'asar ne ina tankaɗe a tsakar gida muka ji ƙarar farko har kwanukan ɗaki suka amsa, na jefar da rariyar na kwashe ku muka shige ƙuryar ɗaki, Abbanku yana kasuwa wayarsa ba ta shiga, muka yini muka kwana ana ta harbi sannan aka sa dokar hana fita. Mutum sama da 150 suka rasu ranar, Allah ya jiƙansu. Ke kina manne da ni kin toshe kunnuwa jikinki na kaɗawa kamar mazari. Daga ranar na fi shekara in tayar mota ta fashe a titi ko murfin tukunya ya faɗi ko yara suka buga ƙyaure sai hantar cikina ta kaɗa. Na sha rubutu na yi hayaƙi, sai daga baya yayata ta matsa min na ga likita, kuma bayanin da ya yi min shi zan maimaita miki don shi ya fara kwantar min da hankali tun kafin magani.

Ya ce zabura halitta ce Allah ya sa wa kowa don tsaron rai. In ƙara ta zo ba zato, saƙon ba ya jiran tunani, ta can ƙasan ƙwaƙwalwa wajen ƙeya yake bi, kafin ki san me ya faru ido ya ƙifta kafaɗu sun ɗage wuya ya noƙe, duk a ƙasa da daƙiƙa ɗaya. Sai jiki ya saki wani sinadari da ake kira adirenalin daga wasu 'yan ƙullutai da ke saman ƙoda, shi ke sa zuciya dukan uku-uku, tafin hannu ya jiƙe, ƙafa ta yi sanyi. Ko jariri kin ga yadda yake watsa hannuwa in aka ajiye shi da ƙarfi ko aka yi ƙara kusa da shi, wannan da shi ake haihuwarsa, yana barinsa wajen wata 4 zuwa 6. To wanda ya taɓa shiga tashin hankali, ko yake cikin damuwa, ko ba ya samun barci, nasa sai ya zama kamar kunamar bindiga a ɗane, abu kaɗan ya taɓa ta tashi. Kinga kenan ba yadda za a yi a ce miki ki daina kawai ki daina, wanda ya ce miki haka bai san abin ba.

Maganar mijinki ita ta fi damuna, don irin wannan ƙaramin abin ne yake girma a aure in aka yi shiru. Shi a ganinsa gudunsa kike ko ƙyamarsa, namiji kuma wannan na yi masa ciwo ko bai faɗa ba. Ki samu lokacin da ya ci ya ƙoshi hankalinsa a kwance, ba lokacin da abin ya faru ba, ki ce masa jikina ne yake riga ni, ko Ummata ce ta taɓa ni ta baya haka zan yi. Ki roƙe shi abu kaɗan, ya riƙa sallama ko gyaran murya kafin ya shigo inda kike, ya zo ta gabanki inda za ki gan shi, in zai tashe ki daga barci ya kira sunanki tukuna kafin ya kai hannu. Haka Abbanku ya yi min, har yau in zai shigo kicin sai ya ja takalmi a ƙasa don in ji, kun sha tambaya me yasa yake tafiya haka. Su kuma ƙannensa da kika ce suna laɓewa bayan ƙofa su yi miki ihu don su ga kin yi tsalle suna dariya, wannan shi ya kamata ya tsawatar, ba wasa bane, Annabi (SAW) ya ce bai halatta ga musulmi ya firgita musulmi ba, hadisin yana cikin Abu Dawud, kuma a kan wasa irin wannan ya faɗe shi, wani sahabi yana barci a tafiya aka ɗauke masa igiyarsa ya farka a razane.

Sai abin da kike zuba wa cikinki. Na san ki da Nescafe tun lokacin jarabawa, ga shayi kofi kan kofi, ga lemon nan na ƙara kuzari, duk sinadarin nan mai hana barci da ake kira kafin (caffeine) ne a ciki irin wanda ke cikin goro, kuma in kin sha bayan awa 5 kusan rabinsa na nan a jini, wato na la'asar yana tare da ke har kan gado. Ki rage a hankali kar ki yanke rana ɗaya ciwon kai ya kama ki, bayan azahar kuma ki haƙura da shi. Wayar nan ma ki ajiye ta da dare, ki bar kallon bidiyon kashe-kashe da ake turawa a WhatsApp. In abin ya zo miki kar ki yi ta faɗa da kanki, ki zauna, ki ja numfashi ta hanci ki sake shi a hankali ya fi shigarsa tsawo, sau biyar sau shida, fitar numfashi mai tsawo tana rage gudun zuciya.

Hajiya kuma kar ki yi musu da ita, ki ce to, don kulawa ce ta sa ta faɗa. Azkar ɗinki na safe da yamma ki riƙe, ki tofa Falaƙi da Nasi a hannu ki shafe jiki kafin ki kwanta, ba wanda ya hana. Amma ban yarda a kai ki inda za a dake ki ko a turnuƙe ki da hayaƙi ana ihu a kanki ba, mai firgita in aka yi masa haka ƙara masa ake. Asibiti kuma dole ki je, a auna hawan jini a ɗebi jini a duba maƙoƙo, don in ƙullutun nan na wuya yana aiki fiye da kima yana kawo faɗuwar gaba da rawar hannu da zufa da rama alhali mutum na cin abinci, kuma na ga kin zabge a hoton da kika turo. In suka ce ki ga likitan ƙwaƙwalwa ga asibitin tarayya nan a Barnawa ta Kaduna kusa da ku, ki je kanki tsaye, masu rashin barci da damuwa ma can suke zuwa, ni ma irin likitan na gani. Dan Allah kar ki sayi maganin barci a kemis, yana kama jiki, in kuma kina zaton kin samu ciki ki faɗa musu kafin su rubuta komai.

Akwai tambayar da nake ta kewaye-kewaye a kanta. Ƙara na gane, tare muka ji ta. Amma taɓawar nan ita ta tsaya min a rai. In akwai wanda ya taɓa yi miki wani abu, kina yarinya ko a makarantar kwana ko ma yanzu a gidan da kike, ko hannu ake ɗaga miki, ki faɗa min Auta, ko waye shi, wallahi ba zan yi miki faɗa ba kuma ba zan ce kin jawo mana abin kunya ba, zan yarda da ke. In ba za ki iya da baki ba ki rubuto, in babu komai kuma alhamdulillahi ki ce min babu.

Na yi magana da Abbanku, ranar Asabar in Allah ya kaimu zan shigo motar safe, in kwana biyu mu je asibitin tare ran Litinin. Zan taho miki da sabon filas da kuka da daddawa. Ki gaida min Hajiya da kyau, shi kuma ki ce masa ina son ganinsa in na zo.

Ummanki