Zuwa ga Babana, kafin arba'in

Babana,

Bayan gaisuwa, ya ƙarin haƙurinmu? Allah ya jiƙan Baba, ya kai haske kabarinsa.

Kuɗin da ka turo sun iso, an sayi gero an yi gumba an raba ranar bakwai. Allah ya yi albarka. Da ka kwana ɗaya ka juya, ko uku ba a yi ba, ka ce aiki, na yi shiru saboda idon jama'a. To shekaranjiya Auta ta yi suɓutar baki a kan abin da kuka ɓoye mini. Wai da damina zazzaɓi ya kayar da kai kwana uku a ɗaki can Abuja, ƙofa a kulle, babu wanda ya ƙwanƙwasa, sai da mai gadi ya ga mota ba ta motsa ba. Mai gadi, Babana! Kai da aka raɗa wa sunan mutumin da ba a taɓa rufe zaurensa ba.

Ka san zauren nan. Rediyoyin mutane a jere kan tabarma, hanji a waje, masu su na jira, shi kuwa yana lambun wani yana yi wa mangwaro aure, ko ya tare samari yana ba su labarin ganuwar Surame da yaƙe-yaƙen Kanta kamar da shi aka yi. Tattabarunsa sun hana Inna shanyar tsaba shekara da shekaru. Shi ba Basarke ba, amma duk lokacin da aka daina bikin kamun kifi ƙorafi yake kamar an yi masa rasuwa, da aka dawo da shi a 2020 kuwa sai da aka riƙe shi a bakin kogin Matan Fada, tsofai-tsofai da shi, kada ya faɗa ruwa da gora da homa. A shekarar 2020 ɗin dai ambaliya ta shanye shinkafar fadama. Kowa na kukan bashin noma, shi ya buɗe rumbu ya rabar da irin da ya ajiye, ya bi gida-gida yana rubuta sunayen waɗanda ɗakunansu suka faɗi, da ajami, a bayan kwalin sukari.

Amma abin da ke bayan ƙyaure nake so ka tuna: diga biyu, shebur, da ƙunshin likkafanin da yake saye duk kaka in ya sayar da shinkafa. Baƙo ya cika a tasha, ko ɗan ci-rani daga Dosso ko Gaya wanda ba a san danginsa ba, Baba ake aika wa. Shi zai wanke, ya haɗa, ya fita ya tara sahu. Ina budurwa na taɓa yi masa mita, na ce mutanen nan ko sunansu ba ka sani ba. Ya ce ai uwarsu ta sani.

Ba ka samu jana'iza ba, mu ma mata muna ciki, amma Kawunka ya ce sahu har bakin titi, Fulani daga ruga, Zabarmawa, almajirai, makara ba ta yi taku uku a kafaɗar mutum ɗaya ba.

Ni kuwa tun da Auta ta yi maganar nan, in na rufe ido kai nake gani a bayan ƙofar can. A unguwarku akwai mai ajiye likkafani domin baƙo? Limamin masallacinku ya san fuskarka? Da zazzaɓin nan ya zo da ƙarar kwana, kwana nawa za a yi kafin a ɓalle ƙofa? Na lissafa, na sake lissafawa, har asuba.

Na san za ka ce ni na koya maka. Ni na hana ka bin sa kogi, ni na zane ka ranar da ka gudu daga makaranta ka bi su gayyar yashe magudana, ni na ce Baba ya ƙarar da ƙarfinsa a kan mutane ya bar mu da ɗaki mai yoyo. Ban janye ba, don kai ba ka ga daren da Inna ke jera kwanoni a tsakar ɗaki ba. Karatu na so ka yi ka tsaya da ƙafarka. Ban aike ka ka toshe ƙofa ba. Har labari ya iso ni cewa 'yan garin nan sun neme ka a wurin aiki ka sa aka ce ba ka nan. A gidan biki na ji, na rasa inda zan sa fuskata. Jikan wa?

To, ya isa. Kai ma maraicin kaka kake ciki, na ga idonka da ka shiga ɗakinsa. Ka zo arba'in, ka yi mana kwana uku. Ƙaramin rediyon da yake jin BBC da shi bayan asuba, ya ce na takwaransa ne, yana cikin adakata. Digar kuwa Kawunka ya ce tana nan inda take.

Kafin ka zo, turo mini lambar maƙwabcinka ɗaya, ko wane ne, ko wane yare yake ji. Kada ka yi wa Auta faɗa, ni na matsa mata.

Mahaifiyarka,
Argungu