Wasiƙa zuwa ga 'yata kan baje kolin ayyukan waɗanda suka tsira daga bam ɗin nukiliya

'Yata Hauwa'u,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kina cikin ƙoshin lafiya, na samu saƙonki cewa makarantarku ta ɗora miki shirya baje kolin rubuce-rubuce da zane-zanen mutanen Hiroshima da Nagasaki a watan Agusta. Allah Ya taimaka. Ga abin da zan ce miki tun kafin ki buga ko takarda ɗaya.

Fara da tantance wane ne ya gani da idonsa. Bam ya faɗa wa Hiroshima ranar 6 ga Agusta 1945 da ƙarfe 8:15 na safe, Nagasaki kuma ranar 9 ga wata da ƙarfe 11:02. Kafin shekarar ta ƙare, kimanin mutum 140,000 sun mutu a Hiroshima, sama da 70,000 a Nagasaki. Waɗanda suka rayu su ake kira hibakusha, kuma ba duk wanda ya yi rubutu kan bam ba ne yake cikinsu. Marubuta Hara Tamiki da Toge Sankichi da Ota Yoko suna Hiroshima a safiyar. Ibuse Masuji kuwa, wanda littafinsa kan baƙin ruwan saman da ya zubo bayan fashewar ya fi shahara a waje, ba ya can. Da littafin ajiye bayanan wani wanda ya tsira ya yi aiki. Littafi ne mai kyau, amma ki ware masa gefe, ki kuma rubuta dalili. Idan kika cakuɗa su, ɗalibi mai kaifin basira zai gano, daga nan sai ya fara shakkar sauran.

Ki kula da shekarar da aka buga kowane aiki. Daga Satumba 1945 hukumomin mamayar Amurka sun sa wa buga littattafai da jaridu takunkumi, mamayar kuma ba ta ƙare ba sai 1952. Shi ya sa littafin Ota Yoko ya fito a 1948 da gutsure, cikakkensa sai 1950. Littafin likitan Nagasaki, Nagai Takashi, bai samu fita ba sai 1949, shi ma sai da aka liƙa masa bayanin ta'asar sojojin Japan a Manila, babban birnin Filifin. In kin ga rubutun wancan lokacin yana kewaye-kewaye, ki bayyana wa yara cewa akwai mai almakashi a bayan marubucin.

Zane-zanen su ne ƙashin bayan aikinki, domin hotunan kyamara na ranar ba su da yawa. Matsushige Yoshito, mai ɗaukar hoton jarida, guda biyar kawai ya iya ɗauka a cikin Hiroshima. A 1974 wani dattijo mai shekara 77, Kobayashi Iwakichi, ya kai wa NHK, tashar rediyo da talabijin ta ƙasar Japan, zanen abin da ya gani a wata gada. Tashar ta yi kira ga jama'a, cikin shekara biyu aka tara zane sama da 2,000. Yawancin masu zanen ba su taɓa koyon zane ba, kuma sun yi rubutu a gefen takarda: wuri kaza, ƙarfe kaza, wannan matar ruwa take roƙo. Kada ki yanke wannan rubutun don hoton ya yi kyau a bango. Shi ne shaidar.

Ki zaɓi goma sha biyu zuwa goma sha biyar, kar ki wuce. In sun yi yawa, ido yakan gaji, mutum ya riƙa wucewa kamar mai duba kayan gwanjo. Ki jera su bisa lokaci: garin kafin bam, safiyar, kwanakin neman 'yan uwa, sannan cutar da ta biyo baya, wato zubewar gashi da ɗigon jini a ƙarƙashin fata da sankarar jini da ta bayyana bayan shekaru. Wannan kashi na ƙarshe shi masu shiri suka fi mantawa, alhali shi ne ya bambanta wannan makami da sauran. Ƙarƙashin kowane zane ki sa abu huɗu: sunan mai zanen, shekarunsa a 1945, nisansa da inda bam ya fashe a kilomita, da shekarar da ya yi zanen. Tsakiyar hoto ta yi daidai da ido, kamar mita ɗaya da rabi daga ƙasa. Agusta damina ce, takarda na shan danshi ta lanƙwashe, don haka ki manna a kan kwali mai kauri, ki nisanta daga taga. Masu tsananin muni ki sa su bayan labule, ƙananan yara kada su shiga sai da malami. Ki kuma rubuta wa gidan tarihin zaman lafiya na Hiroshima neman izinin amfani da zane-zanen da wuri.

Wajen fassara waƙoƙi zuwa Hausa, kada ki tilasta musu amsa-amo irin na waƙarmu. Garin neman kalmar da za ta dace da ƙarshen baiti sai ki ƙara abin da mawaƙin bai faɗa ba. Ki bar su tsirara yadda suke, ki sanar da cewa daga Turanci kika fassara.

Sai abin da na fi so ki riƙe. Akwai ruɗin nuna Japan a matsayin wadda aka zalunta kawai, amma su kansu masu ayyukan sun ƙi yarda da haka. Maruki Iri da matarsa Toshi, waɗanda suka shiga Hiroshima kwanaki kaɗan bayan bam, sun zana manyan alluna 15 daga 1950 zuwa 1982, a cikinsu akwai na fursunonin yaƙin Amurka da suka mutu a garin, da na Koriyawa waɗanda aka bar gawarwakinsu ga hankaki. Kurihara Sadako ma ta yi waƙa tana tuna wa 'yan ƙasarta ta'asar sojojinsu a Nanjin ta China da Manila. Ki sa aƙalla ɗaya daga cikin waɗannan, in ba haka ba kin ba da rabin labari.

Na san za a ce yara su naɗe tsuntsayen takarda don tunawa da Sasaki Sadako, yarinyar Hiroshima da sankarar jini ta kama bayan bam, ta riƙa naɗe tsuntsayen takarda da burin cika dubu don ta warke, ta rasu a 1955 tana da shekara 12. Ba laifi, takarda mai santimita 15 kowane gefe ta isa. Amma a yi shi bayan sun zagaya hotunan, kuma kada ki ce ta rasu ba ta cika dubu ba. Danginta sun ce ta wuce dubu.

In wani uba ya tambaye ki me ya haɗa mu da wannan, ki gaya masa Faransa ta gwada bam ɗinta na farko a Reggane cikin Saharar Aljeriya ranar 13 ga Fabrairu 1960, kuma Nijeriya ta yanke hulɗar jakadanci da ita a 1961 saboda waɗannan gwaje-gwajen.

Ki turo min jerin zanen da kika zaɓa in duba bayanan kafin ki kai wa mai bugawa. Mahaifiyarki da ƙannenki suna gaishe ki. Allah Ya yi miki albarka.

Mahaifinki