Kalmar da Ka Tambaye Ni

Aminina,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, da fatan kana lafiya, kai da iyali. Mu nan hunturu ya kankama, ƙura har cikin tuwo.

Ka ce ka ci karo da kalmar ignominy a jarida, wani ya ce maka ai "kunya" ce. Wannan fassara ba ta kwanta mini ba. Kunya a wurinmu abin yabo ce, da ita ake gane ɗan da ya samu tarbiyya. Abin da Turawa ke nufi tozarci ne, mutuncin mutum ya zube a bainar jama'a.

Na kakkaɓe tsohon ƙamus ɗina mai yagaggen bango na duba. Daga Latin take, ignominia: "in" na korewa, da "nomen", wato suna. Ta biyo ta Faransanci ta shiga Turanci a ƙarni na 16. Ni kaɗai na yi ta dariya, don mu ma ai ɓata suna muke cewa.

Sai dai a tsohuwar Rum abin ya wuce maganar baki. Suna da manyan jami'ai biyu masu ƙidayar jama'a, kuma idan halin mutum bai gamshe su ba, alama kawai za su sa a gefen sunansa. Ba bulala, ba kurkuku. Ɗan majalisa sai dai ya ji an karanto jerin sunaye babu nasa, barde kuma a karɓe dokin da hukuma ta ba shi. A shekara ta 184 kafin haihuwar Annabi Isa, Kato, ɗaya daga cikin jami'an nan biyu, ya kori wani mai suna Flamininus daga majalisar dattawa, mutumin da ya taɓa riƙe shugabancin ƙasar. A shekara ta 70 kafin haihuwar Annabi Isa kuwa, mutum 64 aka share a tashi ɗaya. Sisero, marubucin Rum na wancan zamani, ya ce hukuncin suna kaɗai yake taɓawa, shi ya sa aka kira shi ignominia.

Ka tuna ranar da hedimasta ya karanto sunana a asambili, wai ni na fasa tagar aji? Ko tsinke bai taɓa ni da shi ba, amma wata guda ina zagayawa ta bayan makaranta. Kuma ni da kai mun san wanda ya jefa dutsen.

Ka gaishe mini da maiɗaki da yara. Yaushe za ka leƙo gida?

Naka har kullum.