Zuwa ga ɗana a Dakoro, kan sawun da ke duniyar wata

Assalamu alaikum, ɗana.

Da fatan ka zauna lafiya a wurin aiki. Innarka na gaishe ka, ƙafar ta yi sauƙi. Yayarka ce ta shaida min cewa a fada, ga 'yan lakwal ɗinka zaune, ka ce hoton sawun takalmin Aldrin, ɗan sama jannatin Amurka da ya taka wata a tafiyar Apollo 11 ta 1969, ƙarya ne, wai busasshiyar ƙasa ba ta riƙe sawu, ko ta riƙe da tuni ya goge. A wani bidiyo ka gani. To, ka karanta wannan a natse.

Me ke share sawu a nan Maradi? Iskar hunturu, ruwan damina, gara, kofaton dabbobi. Wata ba shi da ko ɗaya. Babu iskar shaƙa balle mai kaɗawa, babu ruwa mai gudu, babu mai rai. Abin da aka taka yana nan sai wani abu ya zo ya taɓa shi.

Batun bushewa kuwa, siffar ƙwayar ƙasa ce ke aiki. Yashin Gulbin Maradi ruwa ya daɗe yana mirgina shi har gefensa ya goge, shi ya sa in ya bushe yake zubewa cikin ramin sawu. Ƙasar wata duwatsun da ke faɗowa daga sama ne suka niƙa ta. Yawancin ƙwayoyinta ba su kai kashi ɗaya cikin goma na milimita ba, masu kaifi ne da ƙugiyoyi, wasu ma zafin karo ya manne su da narkakken gilashi. In takalmi ya danna su sai su sarƙe da juna. Ga shi nauyin abu a can kashi ɗaya ne cikin shida na nan, bangon sawu ba ya saurin ruftawa.

Ka gwada gaban yaran. Faranti biyu, ɗaya yashi, ɗaya tankaɗaɗɗiyar toka ko garin siminti, kaurin santimita 3 kowanne. Danna takalmi ɗaya a duka biyun. Yashin zai zube, tokar za ta fitar da zanen tafin takalmin. Ka shanya yashin sosai tukuna, don in da laima zai riƙe sawu, gwajin ya ɓaci.

Kada kuma ka ce masu sawun zai dawwama. Ƙananan tsakuwoyi, wasu ba su kai ƙwayar gero ba, suna bugun wata da gudun kusan kilomita 20 a daƙiƙa. A nan iska ke ƙone su tun a sama. Su ne ke juya ƙasar a hankali. Ƙiyasin 2016 ya nuna santimita 2 na sama kan juye cikin kimanin shekara 81,000. Wutar kumbon su Aldrin lokacin tashi daga wata ma ta hure ƙura a kusa da shi. Duk da haka sawun bai goge ba tukuna: a 2011 LRO, kumbon Amurka mai kewaya wata, ya sauko zuwa kusan kilomita 21 daga doron wata ya ɗauki hoton layukan da 'yan sama jannatin Apollo 12, 14 da 17 suka bi da ƙafa. A 2021 kumbon Indiya, Chandrayaan-2, ya ɗauki wurin saukar Apollo 11.

Mutuncin Amurka bai dame ni ba. Yaran nan ne ke hana ni barci. Ɗan ƙauye in mushe, wato malamin lakwal, ya faɗi magana, da ita zai tsufa, ya faɗa wa nasa 'ya'yan. Yau wata ne, gobe allurar rigakafi ce, kuma ka san abin da irin wannan ya jawo a gidan kawunka. Amanar 'ya'yan mutane aka ba ka, ka je kana zuba masu abin da ka tsinta a waya ba ka bincika ba? Wannan ganganci ne, ba haka na rene ka ba. In na tsananta maka kana ƙarami a kan kawo hujja, gudun wannan rana nake yi.

Na san kana da kai, kuma tambayar da ka yi tambaya ce mai kyau, amsar ce ka karɓa da gaggawa. Ranar Litinin ka shiga aji da farantan nan, ka gyara maganar da bakinka. Innarka ta sa rariya cikin kayan da za ta aiko maka, tare da ƙuli-ƙuli. Ka rubuto min abin da yaran suka ce.

Allah ya yi maka albarka.

Mahaifinka,
Maradi