A Bar Mana Surin Gona, Akwai Abinci a Cikinsa

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ɗan fili a wannan jarida tamu domin in yi magana a kan abin da mutane da yawa suka raina, wato naman kaza na daji, wanda yara ke kira laimar kwaɗi suna shurinsa da ƙafa.

Ni tsohon malamin kimiyya ne a Zariya. Ina yaro, in an kwana ana ruwa a tsakiyar damina, kakata kan tashe ni da sassafe mu je gindin wani suri a bayan gonarmu. Da tsinke take tono naman kazan a hankali, domin jijiyarsa doguwa ce, ta nutse can cikin gidan gara. Ranar da ta sa shi a miya ba mai tambayar nama. Bara na koma wurin, na tarar an baje surin da tarakta, an yi feshi, ko alamarsa babu.

Tun da na yi ritaya na mai da rainon naman kaza abin da nake ɗebe kewa da shi. In na samo mai kyau a jikin ruɓaɓɓen kututture, sai in tsaga shi biyu da hannu, in goge reza da sifirit, in yanko ɗan tsokar cikinsa kamar ƙwayar gero. Abincinsa kuwa ruwan dafaffen dankalin turawa ne, giram 200 a lita ɗaya, da gulukos giram 20 da garin agar (wanda ke sa ruwan ya daskare) giram 20, a dafa a tukunyar matsi har zafi ya kai digiri 121. In ya huce a cikin kwalba sai in ɗora tsokar a kai. Bayan kwana biyar ko shida sai ka ga farin zare kamar auduga ya fara rarrafe a cikin kwalba. Wallahi har yau in na ga wannan farin sai na ji sanyi a raina. Daga nan in mai da shi kan dafaffiyar dawa, in ya cinye ta in zuba a garin katako mai danshi.

Na sha asara. Koren fumfuna ta cinye mini kwalabe masu yawa, rashin wuta kuma ya kashe waɗanda na ajiye a firij. Abin da ya cece ni dabarar wani likita ne ɗan Italiya, Aldo Castellani, ta shekarar 1939: a yanki ɗan zaren a jefa a tataccen ruwan da aka dafa, a toshe, a ajiye a ɗaki. Ba ruwanka da lantarki. Yanzu haka ina da irin da masana ke kira Lentinus squarrosulus, da wanda Ibo ke kira usu suna kaurara miyar agushi da shi, duk a ƙananan kwalabe cikin kwali a ƙarƙashin gado.

Amma na kakata ya gagare ni, ya kuma gagari manoman naman kaza na duniya. Sunansa Termitomyces, kuma gara ce ke nomansa. Ita ke tauna ciyawa da itace ta gina masa gado a cikin suri, shi kuma ya narkar da su ya zama abincinta. Zarensa kan tsiro a kwalba, amma da wuya ya fitar da laima in babu gara. Ke nan duk surin da aka baje, an baje rumbun da ba mai iya sake ginawa da hannu.

Kada kowa ya karanta wannan ya fita tsinka ya ci. Akwai wani fari mai faɗin laima da ke fitowa a filin ciyawa, in ka kifa shi a farar takarda ya kwana za ka ga kore-koren ƙura. Wannan amai da gudawa yake sawa. Wasu kuma hanta suke lalatawa, kuma dafuwa ba ta kashe dafinsu. Wanda bai sani ba ya bi tsohuwar da ta sani.

Roƙona ga manoma shi ne, in suri na gefen gona ba ya tare garma, a bar shi. Masu karatu kuma, musamman na Kudancin Kaduna da Filato da Neja inda har yanzu ake cin sa, ku tambayi iyayenmu mata sunan kowane iri da watan da yake fitowa, ku rubuto ta wannan shafi. Ni na yi sakaci ban tambayi kakata ba har Allah ya karɓi abarsa.

Naku,
Wani tsohon malami,
Zariya.