Godiya ga cibiyar darasin yamma ta unguwar Gesse, musamman malaminsu na fiziks

Assalamu alaikum. Sana'ata casar shinkafa ce a nan Birnin Kebbi, bokona kuma a sakandare ya tsaya, don haka ban saba rubutu a bainar jama'a ba. Amma alherin da kuka yi wa ɗiyata ya wuce in yi godiya a bakin ƙofa in tafi.

Bara ta faɗi kwas ɗin fiziks na ajin farko a jami'a. Yarinyar da ta ci WAEC da JAMB a zama ɗaya, sai ga ta tana cewa kanta ba ya ja. Abin da ya kayar da ita babin juyawa ne: fuli (tayar da igiya ko bel ke bi ta kanta), igiya, da abin da suke kira tok, wato ƙarfin murɗawa. Sau biyu ina biyan kuɗin lesin a wasu wurare da ba zan kama sunansu ba. Na farko kuɗin wata uku suka karɓa a dunƙule, ba rasit, malamin kuma ya zo yau, ya ɓace kwana huɗu. Na biyun ya fi ciwo. Malamin can ya cika allo da fomula ya ce a haddace, da ta ce ba ta gane ba sai ya ce mata a gaban samari ai wannan karatun ba na mata ba ne. Ranar ko tuwon dare ba ta taɓa ba. Mahaifiyarta ta ce in bar ta ta canza kwas, ni ma na kusa yarda.

Jiki ba ƙwari na kawo ta wurinku. Na zaro kuɗi, baiwar Allahn da ke kan tebur ta ce, "Alhaji, a bari ta zauna sati ɗaya tukuna. In ta ga amfani sai a biya." Sai da na sa ta maimaita, don na zaci kunnena ne.

Ranar farko malamin bai koyar da ita komai ba. Alli ya miƙa mata, ya ce ta warware tambaya yana kallo: guga mai kilo 4 rataye a bakin rijiya, igiyarsa naɗe a jikin fuli mai kilo 2, aka sake shi. Ta rubuta cewa igiyar na jan gugan da niyuton 40 (niyuton shi ne ma'aunin ƙarfi), daidai da nauyinsa. Bai ce ta yi kuskure ba. Cewa ya yi, "Malama, in igiya ta riƙe guga da ƙarfin da ya yi daidai da nauyinsa, ta yaya zai fara sauka?" Ta ce ta yi shiru ta daɗe, sannan ta goge da hannunta. Ya sa ta raba lissafin biyu, guga daban, fuli daban, kowanne da zanensa, igiya ce kawai ta haɗa su. Da yake fulin faifai ne cikakke, rabin nauyinsa ake ƙarawa a kan na gugan, sai a raba 40 da 5. Saurin gugan na ƙaruwa da mita 8 a daƙiƙa cikin kowace daƙiƙa, ba 10 ba kamar dutsen da aka saki, igiyar kuma niyuton 8 kacal take ɗauke da shi. Kuskuren da ta yi shekara guda tana yi ke nan, ba wanda ya tsaya ya duba takardarta.

Abin da ya fi taɓa zuciyata kuwa, tambayarta ya yi me babanta yake yi. Da ya ji injin casa ne sai ya ce ta je ta yini can da littafinta. Ta zo ranar Asabar, ta tarar da yarana suna fama da noti ya cije, har suka zura bututu a bakin sufana kamar yadda muka saba. Ta auna sufanar da bututun ta ce, "Baba, wannan shi ne tok. Sufanar kwatan mita ce, da bututu ta kai mita 1, ƙarfin hannun bai canza ba amma murɗawar ta ninka sau 4." Ta zagaya wajen babbar tayar ƙarfen injin ta nuna mini dalilin da ya sa aka tara kaurinta a baki: nisan nauyi daga tsakiya in ya ninka biyu, wuyar tayar da juyin ko tsayar da shi sau huɗu take ninkawa. Shi ya sa ko an kashe inji tayar ke ci gaba da gudu. Shekara 20 ina canza bel da fuli, ina cike kai da dusa, ban taɓa sanin abin da ɗiyata take kuka a kansa yana gabana ba. Sai da na juya baya don kada yara su ga idona.

Sauran aikinku, zuwa kan lokaci, rasit, tashi salla, duk lafiya lau. Ta sake zama jarrabawar, ta ci.

Abin da ke damuna shi ne sauran yaran. Nawa ne aka sa wa rai cewa su daƙiƙai ne, alhali ba a taɓa ba su fuli da igiya sun riƙe ba? Akwai makarantun da ɗakin gwajinsu kullum a kulle yake, sai ranar jarrabawa a kaɗe ƙura. Ga rijiyoyi a unguwanni, ga injinan ban ruwa cike da fadamarmu har Argungu, ga garejin kanikawa a kowane lungu, amma malami ya tsaya yana karanto fomula kamar mai sanarwa a rediyo. Masu lesin kuma da yawa kuɗin kawai suke ƙirgawa.

Roƙona ga shugaban cibiyar, a riƙe wannan malami da kyau, kada a bari wani wuri ya ɗauke shi. Ƙanenta yana aji biyar yanzu, bayan salla insha Allahu zan kawo shi. Allah ya saka muku da alheri, ya jiƙan mahaifa.