Yaron Da Sai An Sa Masa Filo Ba Direba Ba Ne

Assalamu alaikum, ranka ya daɗe Edita.

Maganar da baƙonku ya yi a shirinku na rediyo na ranar Asabar ta ɓata mini rai ƙwarai, amma dariyar da mai gabatarwa ya yi ta fi ci mini rai. Mutum ya bugo waya yana alfahari wai ɗansa ɗan shekara 14 shi ke kai uwarsa kasuwa, shi ke sauke ƙannensa a Islamiyya, maimakon a ce masa ya ji tsoron Allah, sai aka ce masa ma sha Allah, ashe ya samu direba a gida. Daga nan baƙon ya ɗora da cewa ai kamata ya yi gwamnati ta sauko da shekarun lasisi zuwa 16 tunda haka ake yi a Amurka, har da karin maganarsa wai icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Babu wanda ya tanka masa a cikin ɗakin. Ni kuwa ina ta buga layinku har aka rufe shirin, bai shiga ba, shi ya sa na sa aka rubuta mini wannan.

Ni direba ne. A tasha na tashi, na yi karen mota, na yi wanki da lodi da ɗaurin kaya, na sha kwana a ƙarƙashin mota a hanyar Kano zuwa Kaduna kafin ubangidana ya yarda na juya masa mota a cikin tasha, balle in hau titi da fasinja. Yanzu na ajiye tuƙin haya saboda ido. Don haka idan ana maganar sitiyari ina da bakin magana, kuma ina gaya wa wannan bawan Allah da ya bugo waya cewa abin da yake yi ganganci ne da ran ɗansa da rayukan 'ya'yan mutane.

'Yar ƙanwata tana suyar awara a ƙofar gidansu da yamma, bayan ta dawo daga makaranta. Yarinya ce mai natsuwa, da kuɗin awarar take sayen littattafanta. Maƙwabcinsu yana da mota, yana da ɗa ɗan shekara 15 wanda duk layin an san shi da motar. Kullum uban zai dawo daga kasuwa ya miƙa masa makulli ya ce ya gyara mata tsayuwa, daga gyaran tsayuwa aka koma sayo ƙanƙara, daga sayo ƙanƙara aka koma ɗauko baƙi. Ranar da abin ya faru yaron ya sa ribas zai fito daga lungu, wani abokinsa yana kujerar gaba suna hira, ya ga mai babur ya taho, ya ruɗe, ya kai ƙafa zai taka birki ya taka totur. Motar ta yi baya da ƙarfi ta kwashe teburin, ta kifar da kaskon mai a jikin yarinyar, ta matse mata ƙafa da bangon gida. Lokacin da na iso an riga an ɗauke ta. Abin da na tarar shi ne awara warwatse a cikin ƙasa, takalminta ƙafa ɗaya a kwata, da motar a buɗe. Na leƙa ciki na ga filo a kan kujerar direba, an naɗe shi biyu. Da shi yaron yake ƙara tsawo don ya hango gaban mota. Wanda sai an sa masa filo kafin ya ga titi, shi ne ake ce wa direba a gidan rediyo.

Ta yi jinya mai tsawo a asibitin ƙashi na Dala, an sa mata ƙarfe a ƙafa, ga ƙunar mai daga cinya zuwa gwiwa. Jarrabawar da take ta shiri ta wuce ta. Yau tana tafiya, alhamdu lillahi, amma tana jan ƙafar, kuma ba ta iya doguwar tsayuwa, balle zama gaban murhu.

Abin da ya biyo baya kuma duk wanda ya zauna a unguwanninmu ya san shi. Tun kafin yarinyar ta farfaɗo dattawa suka cika zaure. A yi haƙuri, ƙaddara ce, maƙwabtaka ta fi gaban haka, kada a kai maganar wurin hukuma a ɓata wa yaro rayuwa. Uban yaron ya biya wani abu daga kuɗin magani, ya zo dubiya da lemo da ayaba, shi ke nan. Mijin ƙanwata talaka ne mai kunya, ya sunkuyar da kai ya ce ya yafe. Ni na yarda da ƙaddara, mai kyau da marar kyau, amma addinin da ya koya mana ƙaddara shi ya ce ka ɗaure raƙuminka sannan ka dogara ga Allah. Hannun uban ne ya ciro makullin daga aljihu ya miƙa wa yaron, kuma shi nake tuhuma. Yaron ma abin tausayi ne, na gan shi ranar yana kuka jikinsa yana rawa, an ɗora masa abin da ya fi ƙarfinsa. Abin takaici, ba a jima ba na sake ganin sa a cikin motar nan, wannan karon har da lasisi yake nuna wa abokansa. An je an yi masa takardar rantsuwar shekaru, an ƙara masa abin da Allah bai ba shi ba, wani ya karɓi na goro ya fito masa da kati. Ko ƙafa ɗaya bai taka makarantar koyon tuƙi ba.

Da baƙonku ya san aikinsa, da abin da zai fara gaya wa masu sauraro shi ne abin da doka ta ce, domin dokar tana nan a rubuce. A Najeriya sai mutum ya cika shekara 18 kafin a ba shi lasisin tuƙa motar gida. Lasisin tuƙin haya, na ɗaukar fasinja da manyan motoci, sai ya kai shekara 26. Kuma cika shekarun kaɗai ba ya wadatarwa. Sai ya shiga makarantar koyon tuƙi wadda hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa, wato FRSC, ta amince da ita, ya kammala darussa ta ba shi shaida. Lokacin da yake koyo yana riƙe da takardar izinin koyo, ana manna jan harafin L a gaba da bayan mota, kuma ba ya fita shi kaɗai sai da direba mai lasisi a gefensa. Bayan nan jami'in duba motoci, wato VIO, ya gwada shi, ya biya kuɗi ta hannun hukumar tara haraji ta jiha, a ɗauki hotonsa da zanen yatsunsa, a ba shi na wucin gadi na kwana 60 kafin na dindindin ya fito, na shekara 3 ko na shekara 5. Tun ƙarshen 2020 kuma sai da lambar ɗan ƙasa ta NIN. Tuƙin wanda shekarunsa ba su kai ba laifi ne mai zaman kansa a jadawalin laifuffukan hukumar, ko mota ce ko babur. Tun 1988 aka kafa hukumar nan, ba jiya ba. Shirinku ya ɗauki kusan awa guda, ban ji an ambaci ko ɗaya daga cikin waɗannan ba.

Sai batun Amurka da baƙon yake ta nanatawa. Gaskiya ne jihohi da yawa a can suna ba ɗan shekara 16 lasisi, amma ya faɗi rabin magana ya haɗiye rabi. Ɗan wana yana zaune a jihar Kalifoniya ta Amurka, da ya zo gida mun zauna na tambaye shi dalla-dalla, domin sana'ata ce. A can yaro yana karɓar takardar koyo ne yana shekara 15 da rabi, sai ya riƙe ta wata shida, sai ya yi darasi a aji da kuma a mota tare da malami, sai ya yi awa 50 yana tuƙi da babba a gefensa, awa 10 daga ciki da daddare, kuma iyaye ne ke sa hannu cewa an yi. Idan ya ci gwaji aka ba shi lasisin, shekarar farko ba ya tuƙi daga ƙarfe 11 na dare zuwa 5 na asuba, kuma ba ya ɗaukar 'yan ƙasa da shekara 20 sai da babba a motar. Su da kansu sun gane cewa yaro idan ya ɗauki abokansa hankalinsa yana barin titi, kuma abin da ya faru a lungun ƙanwata ke nan. A Ingila ma sai 17. To mu da ɗan shekara 15 yake iya zama ɗan 18 a wuni ɗaya da takardar rantsuwa, idan aka ce 16 ai 'yan shekara 12 za mu riƙa gani a shataletale. Wa zai ƙirga wa yaronmu awa 50? Uban da ya miƙa masa makulli don ya huta da aike?

Mutane suna ɗauka tuƙi shi ne iya canja giya da murza sitiyari. Wannan yaro mai ƙwaƙwalwa zai koye shi a mako guda a filin ƙwallo. Abin da ke ɗaukar shekaru shi ne haƙuri da karanta titi. Ka hango ƙwallo ta gangaro titi ka san yaro yana biye da ita, ka ɗaga ƙafa tun kafin ka gan shi. Ka ga akuya ɗaya ta tsallaka ka san 'ya'yanta suna baya. Ka ga mai adaidaita sahu ya waiga hagu ka san zai karya kai ba sigina. Mai tirela ya matse ka, ya zage ka, ka haɗiye ka ba shi hanya. Taya ta fashe kana gudu ka riƙe sitiyari da hannu biyu ka hana ƙafarka zuwa birki, alhali duk jikinka yana ce maka taka. Manya masu furfura ma suna faɗuwa a nan, balle yaron da jininsa ke tafasa, wanda idan sa'ansa ya wuce shi a titi sai ya ga kamar an ci masa mutunci. Ku je ku tsaya a bakin titi ranar ɗaurin aure ko ranar Sallah ku ga wasan da yara ke yi da motocin iyayensu, ana juyi ana tayar da ƙura, wasu zaune a kan taga, 'yan mata da ƙananan yara suna kallo a gefe. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce haɗarin hanya shi ne kan gaba wajen kashe masu shekara 5 zuwa 29 a duniya. Mu direbobi ba mu buƙatar rahoto, mu ne muke tsayawa mu ciro mutane daga cikin ƙarfe.

Na san abin da wasu za su ce, kuma wata baiwar Allah ta faɗe shi a shirin: talauci ne, yaro maraya ne, da adaidaita sahun nan yake ciyar da uwarsa. Wannan ina jin sa a raina, domin ni ma neman abinci ne ya kai ni tasha. Amma mai mashin ɗin da ya ba ɗan shekara 15 haya yana jiran balas kowace yamma, ba tausayin maraya ne ya sa shi ba, ya samu wanda ba zai yi masa gardama ba ne. Kuma yaron da ke neman cika balas shi ne ya fi kowa gudu. Idan ana son taimakon maraya a kai shi gareji ya koyi gyara, ko ya bi mota yana kallon hannun ubangida har shekarunsa su cika, ya shiga makaranta ya karɓi lasisinsa ta ƙofa. Wanda ya bugo muku waya kuwa ba talauci ne ya dame shi ba, mai mota ne, ƙyuyar kai matarsa kasuwa ce kawai da son a ce ɗansa ya iya.

Ina roƙon ku sake shirin nan. Ku gayyato jami'in kiyaye haɗurra da malamin makarantar tuƙi da likitan da ke karɓar 'yan haɗari, ku kuma kira wani daga cikin shugabannin direbobi na tasha. A tambaye su a fili me ya sa idan aka kama yaro da mota sai uban ya zo ya yi waya a sake ta, kuma me ya sa ba a gurfanar da wanda ya ba da makullin. Mai gabatarwa kuma ya fito ya janye wannan ma sha Allah da ya yi, domin iyaye da yawa sun ji, kuma wasu sun ɗauke ta a matsayin izini.

Wani abu kuma tunda na samu dama. Tallan masu maganin gargajiya da kuke sakawa a tsakiyar shiri ya yi yawa, kuma ƙararsa ta fi ta shirin nesa ba kusa ba. Muna zaune da iyali ana cin tuwo, sai kawai a ɓarke da bayanin basir da na ƙarfin maza da kalmomin da mutum ba zai iya maimaitawa gaban 'ya'yansa ba, kafin ka kai hannu ka rage murya an gama faɗa. Ranar Asabar ɗin ma saboda tallan nan aka katse wani dattijo daga Wudil da ya fara magana mai ma'ana, ba a kuma dawo da shi ba. Ku mayar da irin wannan talla can cikin dare, ko ku sa a tace kalmominsa kafin a sako shi.

Wassalam.

Naku mai sauraro,
tsohon direban haya, daga Kano.